GEMU BA YA HANA ILMI: KOMAWA MAKARANTA DOMIN KOYON ILMIN YANAYI

Kowace shekara idan bazara ta yi nisa, magana ɗaya ce a bakin manoma, watau a shuka ko a dakata. Ruwan farko ya sauka da dare, da safe ƙasa ta yi laushi. Wani ya saɓi sungumi ya nufi gona, maƙwabcinsa kuwa ya ce shi sai ya ga na biyu. Idan ruwa ya ɗauke har kwana 15 ko 20, wanda ya yi gaggawa zai ga shukarsa ta tsiro ta ƙone, dole ya koma kasuwa neman iri sa'ad da ya fi tsada. Idan kuma ruwan ya zarce, wanda ya dakata ya yi hasarar kwanaki, mai yiwuwa damina ta ɗauke kafin hatsinsa ya nuna.

Ga ƙungiyar gama kai wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙungiya ce takan ba da rancen iri da taki, da kaka kuma ake sa ran biya. In shuka ta lalace a gonaki 30 ko 40 lokaci guda, asusun ƙungiya ne zai sha wuya, baɗi kuma ba abin da za a ranta wa kowa. Saboda haka kowace ƙungiya tana bukatar mutum, ko da ɗaya ne, wanda ya iya awon ruwan sama, ya kuma iya fassara wa jama'a hasashen da masana suke bayarwa a rediyo.

To, wa zai koyo? Yawancin yaranmu da suka gama makaranta birni suke nufa. Waɗanda suke zaune a ƙauye su ne magidanta da iyaye mata masu shekara 35 zuwa 50, kamar malamin firamare, da magatakardan ƙungiya, da ma'aji, da tsohon soja. Ko irin wannan mutum zai iya ajiye aikin da ya saba, ya koma aji ya koyi ilmin yanayi? Lalle zai iya. Amma akwai abubuwan da ya kamata shi da iyalinsa da ƙungiyarsa su sani tun kafin ya ɗaure kaya.

MENE NE ILMIN YANAYI?

Ilmin yanayi shi ne binciken iskar da ta kewaye duniya, watau zafinta, da nauyinta, da laimar da ke cikinta, da inda ta fito, da inda ta dosa. Daga waɗannan ne gajimare da hadari da hazo suke samuwa.

Waɗansu sukan ɗauka mai hasashen yanayi ɗan duba ne. Ba haka ba ne. Ba ya sa ruwa, ba ya hana shi, bai kuma san gaibu ba. Aikinsa kamar na ungozoma ne, wadda takan dubi mai ciki ta ce haihuwa ta kusa, domin ta ga alamun da ta sha gani. Haka tsofaffinmu suke yi. In sun ga shamuwa ta dawo, gawo ya soma zubar da ganye, iska kuma ta juyo daga kudu, sai su ce a gyara fartanya. Bambancin shi ne masani yana auna alamun da na'ura, yana rubutawa kowace rana, yana kuma samun labarin abin da aka auna a wurare masu nisa. Ƙasashe suna musayar wannan awo ta hannun Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950. Wani ɗan Nijeriya, Farfesa Godwin Obasi, shi ne babban sakatarenta daga 1984 zuwa 2003.

MUTUMIN DA YA SAKE SANA'A YANA DA SHEKARA 35

Bari mu dubi labarin wani wanda ya shiga wannan ilmi da girmansa, gama har yau muna cin amfanin aikinsa.

A ƙasar Indiya, kamar a nan, abincin yawancin mutane ya dogara ga damina ɗaya, wadda takan soma a watan Yuni ta ƙare a Satumba. A 1899 ma'aikatar yanayi ta ƙasar ta sa ran ruwa zai yi daidai, sai damina ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutane fiye da miliyan 1, da dabbobi ba iyaka. Da shugaban ma'aikatar ya kusa barin aiki, sai ya ga magajinsa ya kamata ya zama gwanin lissafi, ko a sami hanyar hango irin wannan masifa tun da wuri.

Wanda aka zaɓa shi ne Gilbert Walker, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1868. Malamin lissafi ne a Jami'ar Kambirij, yana da matsayi mai kyau, amma bai taɓa karanta ilmin yanayi ba. A 1903, yana da shekara 35, ya ajiye aikinsa. Ya ziyarci ma'aikatun yanayi na waɗansu ƙasashe domin ya ga yadda suke aiki, sa'an nan ya tafi Indiya ya zauna ƙarƙashin tsohon shugaban yana koyo. A 1904 ya karɓi ragamar ma'aikatar, ya riƙe ta shekara 20.

Abin da ya yi shi ne, ya tattara rubutun awo na shekaru da yawa daga tashoshin duniya, na ruwan sama, da na zafi, da na nauyin iska, har da na cikar Kogin Nilu. A lokacin babu kwamfuta, akawuna 'yan Indiya ne suka zauna suna lissafi da hannu. Da aka gwada wannan da wancan, sai ya gano cewa in nauyin iska ya ƙaru a bisa Tekun Fasifik, yakan ragu a bisa Tekun Indiya, bayan 'yan shekaru kuma abin ya juya, kamar sikeli mai rinjaya nan ya rinjaya can. Ruwan sama na ƙasashe da yawa yana bin wannan rinjaye. Ya buga wannan bincike a 1923 da 1924.

Hasashen daminar Indiya da ya yi bai kai yadda ya so ba, masana da yawa kuma sun yi shakkar maganarsa. Ya rasu a 1958. Sai a 1969 wani masani, Jacob Bjerknes, ya nuna cewa wannan rinjayen iska yana tafiya tare da ɗumamar ruwan teku a wajen ƙasar Peru, abin da ake kira El Nino.

Ina ruwanmu da teku mai nisa haka? A shekarun da El Nino ya yi ƙarfi, ruwan sama yakan ragu a ƙasashenmu na bakin hamada. An yi shi da ƙarfi a 1972, an kuma yi a 1982 zuwa 1983, dattawa kuwa ba su manta da farin waɗannan shekaru ba. Ba shi kaɗai ne dalili ba, zafin Tekun Atlantika da na Tekun Indiya ma suna da hannu. Amma yau idan masananmu za su yi hasashen damina, halin da Tekun Fasifik yake ciki yana cikin abubuwan da suke fara dubawa.

Ku lura da abu biyu a labarin nan. Walker bai yar da tsohuwar sana'arsa ba, da lissafin da ya iya ne ya yi aiki a sabuwar. Bai kuma ji kunyar zama almajiri ba, ko da yake shi malami ne babba. Manomin da ya koma makaranta, shi ma yana tafe da abin da ya iya, watau sanin ƙasa da iri da halin mutanensa.

ABUBUWAN DA AKE KOYO

1. Iskoki biyu. Iska iri biyu ce take mulkin ƙasarmu. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, busasshiya ce mai ƙura, ita ce iskar hunturu. Yawancin ƙurar daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele. Ɗayar tana fitowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ita ce mai ɗauke da laima. Akwai iyaka inda suke haɗuwa. A watan Janairu iyakar tana kusa da bakin teku. Daga nan sai ta riƙa hawa arewa sannu sannu, har a watan Agusta ta wuce Agadas ta shiga hamada, sa'an nan ta komo kudu da sauri fiye da yadda ta hau. Ruwa mai yawa ba a kan iyakar yake sauka ba, sai a bayanta ta kudu da 'yan ɗaruruwan kilomita, inda iska mai laima ta yi kauri.

Shi ya sa damina takan kama a Jos da Kafancan a watan Afrilu, a Zariya a Mayu, a Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa sai Yuni. Shi ya sa kuma Jos take samun kimanin milimita 1,300 a shekara, Zariya kimanin 1,000, Kano wajen 800, Maraɗi wajen 500. Iyakar nan ba ta tafiya kai tsaye, takan ci gaba ta ja da baya. In ta matso arewa 'yan kwanaki sai a yi ruwa mai kyau, in ta koma sai rana ta buɗe mako biyu. Wannan shi ne asirin ruwan farko mai ruɗin manomi.

2. Hadarin gabas. Kowane yaro ya sani hadarinmu daga gabas yake tasowa. Amma tun da laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa haka? Dalili shi ne can sama akwai wata iska mai ƙarfi da take busawa daga gabas zuwa yamma, ita take kora hadarin. Yakan jeru layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana gudun kimanin kilomita 50 a sa'a. Hadarin da ya taso wajen Maiduguri da la'asar yana iya isa ƙasar Kano kafin asuba. Tun 1977, sa'ad da aka harba tauraron ɗan adam na farko mai suna Meteosat, masana suna ganin hoton irin wannan hadari daga sama, suna bin sawunsa.

3. Awo. Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 25 ita ce kimanin inci 1. In an ce an yi milimita 1, watau lita 1 ta sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A kan hekta 1, watau kimanin eka 2 da rabi, wannan lita 10,000 ke nan, ko duro 50 mai cin lita 200. Ruwan milimita 20 kuwa duro 1,000 ke nan a hekta ɗaya. Ɗalibi zai koyi kafa ma'aunin ruwa, da karanta ma'aunin zafi wanda ake ajiyewa cikin farin akwati mai ƙofofin iska, da ma'aunin nauyin iska, da na gudunta, da sanin gajimare iri iri.

4. Ranar kamawar damina. A 1988 wani bincike da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya ba da ƙa'ida domin ƙasashen gero. Ƙa'idar ta ce damina ta kama idan, bayan 1 ga Mayu, an sami milimita 20 ko fiye cikin kwana 3 a jere, kuma cikin kwana 30 masu zuwa ruwa bai ɗauke fiye da kwana 7 ba. Kashi na farko ma'auni zai gaya muku da safe. Kashi na biyu ba a saninsa sai daga baya. A nan ne littafin awo na shekarun baya yake da amfani. Ƙauyen da ya rubuta ruwansa shekara 10 ko 15 zai iya dubawa ya ga sau nawa ruwan farkon Mayu ya zarce, sau nawa kuma ya yaudari mutane. Da wannan, da hasashen mako, sai a yanke shawara da ido buɗe.

5. Fassarar hasashe. Hasashe iri biyu ne. Na kwana 1 zuwa 3 ya fi zama daidai, yana da amfani wajen zuba taki, da feshi, da shanyar gyaɗa ko masara. Wanda ya zuba takin yuriya ana gobe za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuɗinsa ya bi kwari. Bayan mako 2 kuwa ba mai iya cewa ga ranar da za a yi ruwa. Hasashen damina gaba ɗaya ba ya faɗin rana, yana faɗin inda abu ya fi karkata ne. A ce an sanar cewa kashi 50 cikin 100 ruwa zai gaza yadda aka saba, kashi 30 zai yi daidai, kashi 20 zai fi. Wannan ba alkawarin fari ba ne. Ma'anarsa ita ce, a shekara mai irin waɗannan alamu ƙarancin ruwa ya fi yiwuwa, saboda haka mai hankali zai ƙara iri mai saurin nuna, kamar geron da yake yi cikin kwana 90 ko masarar kwana 80 zuwa 90, ya rage mai daɗewa. Yawan ɓacin ran da manoma suke yi da masu hasashe daga rashin mai yi musu wannan bayani yake fitowa.

HANYOYI UKU

Ba kowa ne zai je jami'a ba, ba kuma kowace ƙungiya ce take bukatar mai digiri ba.

Hanya ta fari ita ce ta mai awon ruwa na ƙauye. Wannan ba ya barin gida sai na 'yan kwanaki, muddin ya iya karatu da rubutu da ƙidaya. A ƙasar Mali an soma irin wannan shiri a 1982, da taimakon ƙasar Suwizalan da Hukumar Yanayi ta Duniya. An ba manoma ma'aunin ruwa, aka koya musu rubutawa, kowane kwana 10 kuma masana suka riƙa ba da shawarar shuka da noma da zuba taki ta rediyo. Manomi yakan dubi abin da ma'auninsa ya nuna, ya gwada da shawarar da aka bayar, ya san abin yi. Magidanta ne suka yi wannan aiki, da yawansu kuwa karatun yaƙi da jahilci kaɗai suka yi.

Hanya ta biyu ita ce ta ma'aikacin tasha. Wannan karatu yakan ɗauki watanni, wani har shekara 2, kuma ana bukatar takardar gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya. A Nijeriya hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana da makarantar horo a Oshodi ta Legas, da wata a Katsina. A Nijar akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai. An kafa ta a 1974, bayan babban farin da ya sa ƙasashen bakin hamada suka haɗa kai a 1973, tana kuwa horar da ma'aikata a kan yanayi da noma da ruwa tare. Yawancin karatunta da Faransanci ne.

Hanya ta uku ita ce ta digiri. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen ilmin yanayi, karatun digiri na fari kuwa shekara 5 ne. Mai nema sai ya ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi da fiziks, ya kuma ci jarrabawar shiga jami'a. Wanda ya riga ya yi digiri a lissafi ko kimiyya yana iya neman difloma ta bayan digiri, wadda ta fi gajarta. Jami'o'in Zariya da Kano da Jos kuma suna koyar da yanayin ƙasa a sashen labarin ƙasa. Sharuɗɗan shiga sukan sake, saboda haka a rubuta wa makaranta ko a je da kai a tambaya kafin a kashe ko kwabo.

WAHALOLIN DA BABBA ZAI TARAR

Ba za mu ɓoye muku ba, hanya ta biyu da ta uku suna da wuya ga mai iyali.

Ta fari ita ce lissafi. Wanda ya rabu da alli shekara 20 zai tarar kansa ya yi tsatsa. Kada ya ajiye aikinsa tukuna. Ya ba kansa shekara guda yana bita da yamma, ya nemi malamin sakandare ya taimake shi, ya rubuta jarrabawar da ake yi domin masu zaman kansu. In ya ci, ya san zai iya. In bai ci ba, bai yi hasarar aikinsa ba.

Ta biyu ita ce kuɗi. Ba kuɗin makaranta kaɗai za a lissafta ba. Akwai abinci da masauki da mota, akwai kuɗin makarantar yara, akwai gonar da za ta rasa hannu ɗaya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ma'aikacin gwamnati ya fara neman hutun karatu kafin ya yi zancen barin aiki, domin kada shekarunsa na fansho su lalace.

Ta uku ita ce iyali. Maigida ya zauna da uwargida su yi shawara tun da fari, gama ita ce za ta ɗauki kayan gida in ya tafi. In kuma uwargida ce mai tafiya, haka maigida zai yi haƙuri ya riƙe yara. Karatun da aka soma da gardama a gida da wuya ya kai ƙarshe.

Ta huɗu ita ce zama da yara. Zai zauna aji ɗaya da tsararrakin 'ya'yansa, malamin ma mai yiwuwa ƙaninsa ne. Za su riƙa ce masa baba, su riga shi gane kwamfuta. Wanda ya sauke girman kai ya ce, "Ɗana, zo ka nuna mini," ba ya daɗewa yake kamo su.

Ta biyar ita ce aikin yi bayan karatu. Sau da yawa akan sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sabon ma'aikaci, saboda haka mai shekara 45 kada ya tafi da tabbacin gwamnati za ta ɗauke shi. Wanda kuma aka ɗauka, ya sani aikin tasha ba dare ba rana, ba ranar hutu, gama ana awo kowace sa'a 3, a filin jirgin sama ma fiye da haka, ana kuma iya kai shi gari mai nisa. Ƙungiya ta tuna da wannan, domin mai digiri yana iya ƙare karatu ya zama ba nata ba.

ABIN DA BABBA YA FI YARO DA SHI

Akan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma da tsohuwar zuma ake magani. Matsalar hasashen yanayi a ƙasashenmu yau ba rashin na'ura kaɗai ba ce. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke taruwa kafin kowace damina su fitar da hasashe, NiMet kuma takan fitar da nata a farkon shekara, har da ranar da ake sa ran kamawar ruwa da ɗaukewarsa a jihohi. Inda abin yake tsayawa shi ne tsakanin ofis da gona.

Mutumin da ya yi noma shekara 20 ya san abin da kwana 10 ba ruwa yake yi wa masara a jigawa, da abin da yake yi mata a fadama. Ya san wanda yake da halin sake shuka da wanda mudu ɗaya ne iyakar irinsa. In ya tashi a taro ya ce a dakata, za a saurare shi, domin an san gonarsa, an san gidansa. Ya ga farin 1983 da 1984 ko ya ji daga bakin iyayensa, ya kuma ga ambaliyar 2012 da ta 2022, saboda haka ya san shekaru ba ɗaya ba ne. Ba ya raina alamun tsofaffi, sai dai ya rubuta su gefe guda da abin da ma'auni ya nuna, a ga wanda ya fi faɗa daidai. Ga shi kuma ya riga ya kafu, da wuya ya bar gari.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Ga shawarwari domin kwamitin ƙungiya:

1. Ku fara da hanya ta fari tun bana. Ku nemi ma'aunin ruwa ta hannun malamin gona ko ofishin yanayi mafi kusa. Ku kafa shi a fili, a miƙe, nesa da itace ko gini da aƙalla ninki 2 na tsayinsu, ku kuma kewaye shi saboda awaki da yara.

2. Ku zaɓi mutum biyu, domin in ɗaya ya yi tafiya ɗaya ya auna. A duba kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, kada a bar wurin fanko. Littafin da yake da giɓi ba ya amfani.

3. A littafin a riƙa rubuta ranar shuka, da irin da aka shuka, da ranar girbi, da yawan dami ko buhu. Littafin na ƙungiya ne, a ajiye shi tare da na kuɗi.

4. Bayan damina 2 za ku gane wanda yake da naci da son aikin. Shi ne ya cancanci a tura karatu mai zurfi, ko namiji ne ko mace. Kada a zaɓi mutum domin ɗan'uwan shugaba ne.

5. In ƙungiya za ta taimaka da kuɗi, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa za a bayar, rance ne ko kyauta, shekara nawa zai yi wa ƙungiya hidima in ya dawo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

6. Ku yi wa gonarsa gayya sa'ad da ba ya nan. Ɗalibin da ya san iyalinsa suna da hatsi a rumbu, shi ne mai natsuwa a aji.

Wanda ya dawo daga karatu kuma ya riƙa faɗin gaskiya. In hasashe ya kuskure, ya ce ya kuskure, ya bayyana dalili. Kada ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. In ya yi haka shekara 3 ko 4, mutane da kansu za su riƙa zuwa ƙofar gidansa da sassafe suna tambaya, "Malam, milimita nawa aka yi jiya?"

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. A cikin shekara 5 da suka wuce, sau nawa aka sake shuka a garinku? Nawa wannan ya ci wa 'yan ƙungiya?

2. Waɗanne alamun damina tsofaffinku suke dubawa? Akwai wanda ya taɓa rubuta su?

3. Wa yake sauraron hasashen yanayi a cikinku, wa kuma yake bayyana wa sauran?

4. Cikin hanyoyin nan uku, wacce ce ƙungiyarku take da ƙarfin ɗauka bana?

5. In ɗaya daga cikinku ya tafi karatu shekara 2, yaya za ku lura da gonarsa da iyalinsa?